Zoɓo ko ruwan jan inabi na kwalba, wanne za a raba a walima?

Hajiya, kin tambaya wanne ya fi dacewa a walimar 'yarki, zoɓo ko ruwan jan inabin nan na kwalba mai gas irinsu Chamdor da Pure Heaven. To bari in faɗa miki yadda na san su, dan dukkansu na sha rabawa a gidan biki.

Kala ce kawai ta haɗa su, ɗanɗano kowa da hanyarsa. Na inabi zaƙi ne yake fara tarbarki, kamar kin tauna inabin kasuwar 'Yan Lemo wanda ya nuna luguf, sai ɗan bauri can ƙarshen harshe, kuma daga ɓawon inabin yake, shi ne ma yake ba shi jan kalar. Kofi biyu ya ishi mutum, na uku ya fara ginsarki. Zoɓo kuwa tsami ne a gaba, zaƙin ke kike da iko da shi, in kika dafa shi da ɓawon abarba da citta da kanumfari ƙamshin kaɗai ya isa ya kira mutum daga zaure. Ki nemi mai duhun nan, shi ya fi ba da kala kuma tsaminsa bai kai na mai hasken ja ba.

Wajen abinci ne fa bambancin yake fitowa sosai, kuma nan nake so ki tsaya ki duba me za ki dafa. In akwai gurasa bandashe, tsire, balangu, farfesun kan rago, funkaso ko alkubus da miyar taushe, wallahi zoɓo ne abokinsu, tsamin nan yana yanke maiƙo da man ƙuli ya wanke baki sai mutum ya ji yana son ƙara loma, shi kuwa na inabi in ya haɗu da yaji mai ƙarfi gas ɗin ƙara hura wutar yake yi a harshe. Inda yake haskawa shi ne soyayyiyar shinkafa da kaza, samosa, mitfai, abu mai gishiri-gishiri mara yaji sosai. Kada dai ki haɗa shi da alkaki ko nakiya, zaƙi kan zaƙi ba mai iya gamawa.

Chamdor daga Afirka ta Kudu yake zuwa, can gonakin inabinsu suna wajajen Cape Town, irinsu Stellenbosch da Paarl, inda ruwan sama yake sauka lokacin sanyi, zafi kuma ya zo a bushe inabin ya tara zaƙi, girbi wajen Fabrairu da Maris. Mu ma ana noman inabi a Kudan ta jihar Kaduna amma na ci ne. Zoɓo kuwa namu ne, Jigawa su Maigatari da Gumel, ana cire shi da kaka, ki je kasuwar Dawanau ta Kano ki ga buhuna ana lodi zuwa har Meziko. Shi ya sa dala in ta motsa kuɗin kwalbar yake tashi a kasuwar Singa, zoɓon kwano kaɗan a kasuwar Rimi ya shayar da taro.

Dan Allah in za ki sayi na kwalba ki karanta jikinta da kanki. Akwai ruwan inabi zalla wanda bai taɓa zama giya ba, akwai kuma wanda giya ce aka cire mata barasa, irin wannan akan samu ragowar barasa har 0.5% a cikinsa, kuma kwalaben kamarsu ɗaya. Kada ki aiki yaro.

Ni dai da nice, zoɓo zan yi wa jama'a gaba ɗaya, in sayi katan ɗaya ko biyu na inabin dan teburin amarya da dangin ango. Ki dafa zoɓon da daddare ki tace, sukari sai da safe, kuma ya zauna cikin ƙanƙara har a raba, dan zafin Kano in ya same shi da sukari a jarka kafin la'asar ya fara juyawa.