Daga Gindin Dala Zuwa Bakin Teku a Legas: Wace Mota, Wace Hanya?

Mai niyyar tashi daga Kano zuwa Legas, ko don fito da kaya daga tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can, ko ɗauko mota 'yar Beljiyam, ko ziyarar dangi a Agege, yakan fara ne da tambayar kuɗin mota. Ni kuwa da za a bi shawarata, a fara da wannan: a ina dare zai same ni? Tafiyar nan ta kai kilomita 1,000 har da ɗoriya, ga ramuka, ga shingayen bincike, ga tireloli. Babu direban da zai cinye ta tsakanin asuba da magariba. Da wannan ma'aunin zan gwada kowane zaɓi.

Manyan motocin safa da ke lodi a New Road ta Sabon Gari su ne abokan ɗan kasuwa mai kaya. Ƙarƙashinsu yana cin dila-dila, kujera tana da faɗi, kuma kuɗinsu da dama-dama. Aibinsu ɗaya ne, amma babba: da yamma suke tashi, su kwana suna tafiya. Sannan ba kowane direba ne zai tsaya maka don salla ba. In ita ka zaɓa, yi alwala kafin a tashi, ka tambayi malaminka hukuncin ƙasaru da haɗa salloli tun kana gida, kada ka bari sai a hanya.

Ƙananan motocin haya irin su Homa da Sharon sun fi gudu, kuma mafi yawan direbobinsu namu ne, za a tsaya a yi salla a ci abinci. Amma malam, leƙa motar kafin ka biya. Dubi tayoyin, ka ga ko sun suɗe. Dubi bayanta, in buhuna sun danne ta har bamba na neman taɓa ƙasa, haƙura ka jira ta gaba. Kada kunya ta hana ka tambayar ɗan kamasho ko direban ya yi barci, domin wani jiya da dare ya sauke fasinja, yau da safe ya sake lodi. Kuma a cikin tasha ake shiga mota, inda za a rubuta sunanka da lambar ɗan'uwanka. Rangwamen motar bakin titi bai kai hatsarinta ba.

Motar kanka ita ce kaɗai ke ba ka ikon cewa nan zan kwana. Shi ya sa ga mai iyali na fi sonta, duk da cewa tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, lissafin ya canza. Motar da ke cin kilomita 10 da lita ɗaya za ta sha sama da lita 100 a zuwa kawai. Ninka shi biyu, ka haɗa da kuɗin masauki. In kai kaɗai ne, asara ce. In ku huɗu ne ko biyar, sai ka ga ta yi kusa da kuɗin haya. Kai ta wurin bakanike mako guda kafin tafiya, ba ana gobe ba, don in ya taɓa birki ko ya sauya wani abu ka samu kwanakin gwadawa a cikin gari. Safaya mai iska, jak, tukunyar kashe gobara, lasisi da inshora duk su cika. Legas ba ta wasa da takardu, kuma shiga layin da aka keɓe wa motocin bas na BRT ko bin hanya a baibai na iya sa jami'an LASTMA, hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta jihar, su tafi da motar gaba ɗaya.

Sai hanya. Daga Kano zuwa Zariya da Kaduna duk ɗaya ce, daga nan ake rabuwa. Tsohuwar hanyar Birnin Gwari zuwa Tegina ta fi gajarta a taswira, amma shekarun da 'yan bindiga suka yi suna addabarta sun isa hujja, ban ba kowa shawarar ya kai iyalinsa can ba. Saura biyu.

Ta farko ta bi Zuba, ta haye kogin Kwara a gadar Murtala kusa da Kotonkarfe, ta shiga Lakwaja, ta hau duwatsun Okene masu kwana-kwana, sannan Owo, Akure, Ife da Badun. Garuruwa sun yi yawa a kanta, gidajen mai da masu faci ba sa yankewa, ga masaukai a Abuja da Lakwaja. Ta biyu ta ratsa jihar Neja ta Bidda da Makwa, ta haye gadar Jabba zuwa Ilori, Ogbomosho da Oyo. Ita ce hanyar tireloli da tankoki, kuma in guda ta faɗi ta tare titi, ana iya wuni a wuri ɗaya. Ga ƙaramar mota, ta Lakwaja na zaɓa: ka bar Kano bayan sallar asuba, ka kwana a Abuja ko Lakwaja, washegari ka sake sammako, ka wuce dazukan Kogi da Ondo rana na sama. Damina kuwa ba ta bar ko ɗaya ba. A Oktoban 2022 ambaliya ta shanye titin Kotonkarfe har motoci suka yi kwanaki a tsaye, a Mayun 2025 kuma ruwa ya yi mummunar ɓarna a Makwa. Kafin ka tashi, kira direban da ya biyo hanyar jiya.

Kilomita 127 na ƙarshe, daga Badun zuwa Legas, titi ne mai kyau, sai dai cunkoso yakan jira ka a doguwar gadar da ke kusa da kasuwar Kara. Wanda ya sauka a Badun yana iya shiga jirgin ƙasan da aka buɗe a 2021, daga Moniya zuwa Ebute Metta, ya huta da gosulo.

In kuwa mota za ka je ɗaukowa, ko takardun kwastan kawai za ka sa wa hannu, kada ka wahalar da kanka. Jirgin sama daga filin Malam Aminu Kano awa ɗaya da rabi ne. Ka isa da ƙarfinka, ka ajiye tuƙin don dawowa, ita ma a raba ta kwana biyu. Mai kwantena kuma ya fara tambaya a tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki, wadda aka ƙaddamar a Janairun 2023, ko za a iya kawo masa kayansa a tantance su a nan Kano.