Proxmox VE a madadin VMware: inda ya ɗauki kaya da inda ya gaza

Tun da Broadcom ya kammala sayen VMware a watan Nuwamba na 2023, ya soke lasisin dindindin ya koma na haya, wanda ake lissafawa bisa yawan ƙwayoyin furosesa, masu kula da ɗakunan sabar suka shiga neman mafita. Ga wanda kuɗin shigarsa naira ne, lasisinsa kuma dala, abin ya fi ciwo. Wannan sharhi kan Proxmox VE ne, manhajar tafiyar da VM da ke iya maye gurbin VMware, siga ta 8, a kan gungun sabar uku masu ɗauke da VM na Windows da Linux da aka ɗebo daga ESXi, manhajar VMware da ke tafiyar da VM a kan sabar. VM dai ita ce kwamfutar da ake ƙirƙira a cikin sabar, tana aiki kamar mai zaman kanta.

Manhajar Proxmox ta wani kamfani ce da ke Vienna a ƙasar Ostiriya, ta fara fitowa a 2008, kuma a kan Debian, wani nau'in Linux, aka gina ta. KVM ke tafiyar da VM, LXC kuma kwantenoni, wato keɓaɓɓun tsarin Linux da suka fi VM rashin nauyi. Girkawa ba ta da wahala, kuma da an gama sai a buɗe burauza a tasha ta 8006. Ba a buƙatar wata sabar kulawa ta daban irin vCenter na VMware, kowace sabar a gungun tana iya sarrafa sauran. Tuntuɓen farko shi ne sabuntawa: rumbun manhajoji na masu biya ne a kunne, don haka apt, manhajar da ke sauko da sabuntawa, zai dawo da kuskure na 401 har sai an sayi rajista ko an koma rumbun marasa rajista. Rajistar bisa ramin furosesa ake biyanta, kuma ba ta buɗe wani aiki da ke kulle, tallafi da ingantattun sabuntawa kawai take sayowa.

Ƙaura ita ce inda aka fi shan gumi. Daga siga ta 8.2 akwai hanyar jawo VM kai tsaye daga ESXi, tana kuma aiki, amma Windows ba ya yafe gaggawa. A cire VMware Tools tun VM tana gidanta na da. A rubuta lambar IP ɗinta a gefe, domin sabon katin netwok zai zo fanko. Bayan an jawo ta, kada a ɗora faifan farko a kan VirtIO SCSI, hanyar haɗa faifai mai sauri ta KVM, nan take, in ba haka ba shuɗin allo ne zai tarbe ka da INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, saboda Windows bai san direban ba tukuna. A tayar da ita da SATA, a girka direbobin VirtIO, a maƙala mata wani ƙaramin faifai na gigabait 1 a kan SCSI domin direban ya zauna, a kashe ta, sannan a mayar da babban faifan SCSI a gyara jerin tashi. A Linux abin ya fi sauƙi, sai dai sunan kati yakan sauya daga ens192 zuwa ens18, sabar ta tashi lafiya lau amma babu mai iya kaiwa gare ta. Nau'in furosesa ma a lura: zaɓin host ya fi sauri, amma idan sabobin ba iri ɗaya ba ne, matsar da VM tana aiki zai iya watsewa. x86-64-v2-AES, wanda shi ne zaɓin asali, ya fi kwanciyar hankali.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne yadda gungun ke yanke hukunci. Corosync ke haɗa sabobin, kowace tana da ƙuri'a ɗaya, kuma sai da rinjaye ake aiki. Sabar biyu kaɗai ba gungu ba ne na kirki: ɗaya ta faɗi, ɗayar ta rasa rinjaye. Sai an ƙara ta uku, ko QDevice, mai ba da ƙarin ƙuri'a, a kan wata ƙaramar kwamfuta. Idan kuma an kunna HA, wato tsarin da ke tayar da VM a wata sabar idan tata ta faɗi, sabar da ta rasa rinjaye takan sake kunna kanta bayan kamar minti ɗaya, da gangan, don kada VM ɗaya ta tashi a wuri biyu ta lalata bayanai. Ka ga ke nan idan sabobin suna kan UPS amma suwic ɗin da ya haɗa su ba ya kai, aka ɗauke wuta janareta ya yi jinkiri, duka ukun za su sake tashi tare alhali babu abin da ya same su. Haka ma idan Corosync na raba waya ɗaya da ajiyar bayanai ta dare, cunkoso kaɗai ya isa ya jawo wannan. Corosync yana son jinkirin netwok ƙasa da milisakan 5. A ba shi katinsa na kansa, ko na gigabit 1 ne, a ƙara masa hanya ta biyu a wani suwic ɗin daban.

A ɓangaren ma'aji, ZFS (mai sarrafa faifan sabar guda) da Ceph (mai haɗa faifan sabobin gungu su zama ma'aji ɗaya) suna ciki ba tare da ƙarin kuɗi ba, amma kowanne da sharaɗinsa. ZFS yana son ganin faifai tsirara, ba ta bayan katin RAID ba. Ceph yana ajiye kwafi uku, wato terabait 30 na faifai ya koma 10 kafin a bar sarari, kuma netwok ƙasa da gigabit 10 wahala ce kawai. SSD na kasuwa marasa kariyar ɗaukewar wuta kan yi sanyin jiki a nan, su kuma ƙare da wuri. Wanda ke da SAN, wato ma'ajin waje da sabobi ke rabawa, ta iSCSI ko Fibre Channel zai yi kewar VMFS, tsarin fayil na VMware: a siga ta 8, LVM (tsarin yanka faifai na Linux) da aka raba tsakanin sabobi ba ya ɗaukar hoton halin VM da za a iya komawa gare shi. Haka nan a wannan sigar babu abin da ke daidaita nauyi da kansa kamar DRS na VMware, kai ne za ka duba wace sabar ta cika ka rage mata.

Proxmox Backup Server kam ya burge. Ajiyar farko ce mai nauyi, bayan nan abin da ya sauya kaɗai yake ɗauka, kuma ana iya zaro fayil guda ba sai an dawo da VM gaba ɗaya ba. A girka shi a wata na'ura daban, ba a cikin gungun da yake karewa ba.

Kwamfutocin ma'aikata ne raunin manhajar. Windows 11 yana tashi sarai idan aka ba shi OVMF (tsarin tayar da VM) da TPM 2.0 (guntun tsaro), ana kuma iya shiga daga nesa ta SPICE ko RDP. Amma babu mai rabo, wato abin da zai karɓi ma'aikaci da safe, ya duba sunansa a Active Directory, rajistar ma'aikata ta Microsoft, ya miƙa masa kwamfuta daga cikin tarin da aka tanada, ya share ta idan ya tashi. A ɓangaren VMware wannan shi ne aikin Horizon, wanda tun 2024 ya koma hannun kamfanin Omnissa. Ga mutum goma ko ashirin, a kwafi VM daga samfuri ɗaya a ba kowa tasa, ya wadatar. Ga ɗaruruwa, dole a sayo mai rabo daga waje irin UDS Enterprise, a kuma sa lasisin Microsoft na shiga Windows daga nesa a cikin lissafi tun kafin a sayi ko faifai ɗaya.