Gargaɗi: kada ku bari a cire muku rufin gida kafin a tona a ga tushe

Assalamu alaikum. Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan, domin abin kunya ne ga magidanci ya fito ya ce an damfare shi da rana tsaka. Abin da ya sa na daina ɓoyewa shi ne mutumin da ya cuce mu ya sake buɗe shafi da sabon suna, kuma na ga mutane suna ta tambayarsa farashi. Ba zan kama sunansa ba, maganar tana hannun hukuma. Amma zan faɗi yadda yake aiki dalla-dalla, domin ba shi kaɗai ba ne a wannan harka, kuma salonsu kusan ɗaya ne.

Gidanmu na gado ne, a cikin Kano. Marigayi Baba ya gina shi da bulo ya rufa da kwano tun muna yara: zaure, ɗakuna huɗu, tsakar gida. Ƙanenmu zai yi aure, kuɗin haya kuma kowa ya san yadda ya koma, sai muka yanke shawarar a ɗora bene a sama, ciki da falo guda biyu, Hajiya ta ci gaba da zamanta a ƙasa. Yayanmu da ke aiki a Jidda ya ɗauki nauyin mafi yawan kuɗin, ni kuma aka ɗora mini kula da aiki. Wannan a farkon 2024 ne.

A Instagram na gan shi. Shafi cike da gidaje masu ɗaukar ido, ga hoton tsohon gida a hagu, ga yadda ya koma a dama. A gaban sunansa ya rubuta Akitek, wato ƙwararren mai zanen gini, yana sa farar hular kwano a kowane bidiyo, yana da takardar rajistar kamfani ta CAC da ya turo mini tun ban tambaya ba. Da ya zo gidan sai ya durƙusa har ƙasa ya gaida Hajiya, yana cewa "Hajiyarmu, in Allah ya yarda kafin babbar Salla kin ga amarya a samanki." Ya zagaya ɗakunan, ya ƙwanƙwasa bango da makullin mota, ya ce, "Yallaɓai, ai ginin da ne, ginin da ba irin na yanzu ba ne. Wannan ko hawa uku zai ɗauka." Bai yi minti arba'in a gidan ba. Bayan kwana biyu ya turo hoton gidanmu na kwamfuta, an yi masa fenti ruwan toka, ga baranda, ga fitilu. Na tura wa Yaya, ya kira ni cikin dare yana murna.

A nan aka ci mu, tun kafin mu ba da ko kwabo. Wannan hoto mai kyau da suke cewa tiri-di ba zanen gini ba ne. Duk yaron da ya iya kwamfuta zai iya haɗa maka shi a yini ɗaya. Zanen gini takardu ne masu awo, da ke nuna kaurin kowane bango, inda kowace fila za ta tsaya, girman rodin da za a sa da tazararsa, hanyar ruwa da ta wuta. Kuma maganar ko tsohon gida zai ɗauki bene ba a gane ta da ƙwanƙwasa bango. Amsar tana ƙarƙashin ƙasa. Dole a tona rami a gefen bango, a wurare biyu ko uku, a ga zurfin tushen da faɗinsa da irin ƙasar da ya zauna a kai. Yawancin gidajen da iyayenmu suka gina an yi musu tushe ne daidai nauyin bango da kwano. Dekin kankare da bangon sama da tankin ruwa nauyi ne da ba a yi lissafinsa ba ranar da aka aza harsashin. Wannan lissafin ma ba aikin mai zane ba ne shi kaɗai, aikin injiniyan gini ne, kuma akitek na gaskiya shi da kansa zai ce maka sai an kawo injiniya. Namu bai taɓa ambaton injiniya ba. Da na tambaya sai ya ce shi ne duka biyun.

Takardar CAC ma da ta kwantar mini da hankali, ba abin da take nunawa sai cewa an yi wa sunan kasuwanci rajista. Mai sayar da lemo ma yana iya samunta. Mai ba akitek lasisi a Najeriya hukumar ARCON ce, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 10 ta 1969, kuma doka ta hana wanda ba ya cikin rajistarta ya kira kansa akitek. Injiniyoyi na ƙarƙashin COREN, ƙwararrun magina kuma CORBON. Kowane ɗayansu yana da lambar rajista da hatiminsa. Kafin akitek ya kai ga wannan hatimi sai ya yi digiri, ya ƙara karatu, ya yi aiki a ƙarƙashin manya, ya ci jarrabawa. Ga sashen koyar da zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya nan kusa da mu, ga Jami'ar Bayero a cikin gari, ga reshen NIA, ƙungiyar masu zanen gine-gine ta Najeriya, a Kano. Tambaya ɗaya da na yi a ɗaya daga cikin wuraren nan da ta ishe ni. Ban yi ba, domin mutumin ya iya gaisuwa kuma farashinsa ya yi ƙasa da na kowa.

Ya nemi kashi 60 cikin 100 a matsayin kafin alƙalami. Hujjarsa kuwa gaskiya ce, shi ya sa ta kama mu: a watan Fabrairun 2024 buhun siminti ya haura naira dubu 10, rodi ma kullum da sabon farashi. Ya ce in ba a sayi kaya gaba ɗaya yanzu ba, wata mai zuwa kuɗin ba zai isa ba. Lambar asusun da ya bayar ba ta kamfanin ba ce, ta wata mace ce, ya ce matarsa ce, asusun kamfani yana da matsala. Yarjejeniyarmu duka a WhatsApp take, rabinta ma saƙon murya. Ya karɓi wani kuɗin daban na takardar izinin gini, ya ce yana da mutane a ciki, ba sai na wahala ba. Bayan mako guda ya turo mini hoton wani rasit.

Abin da nake so kowa ya riƙe a wannan labari shi ne abin da ya yi bayan ƙaramar Salla. Kafin a kawo ko tifa ɗaya ta tsakuwa, ya turo yara suka yaye rufin gidan gaba ɗaya cikin kwana biyu. Kwanon da katakon ya kwashe, ya ce zai sayar ya rage mana a lissafi. A lokacin na ɗauka alama ce ta mai zafin nama. Daga baya na gane dabara ce. Muddin rufinka na nan, kana iya cewa ka fasa. Da zarar an yaye shi, ga damina ta ƙarato, ga tsohuwa a gida, ka zama nasa. Duk abin da ya nema za ka bayar don dai a rufe. Haka kuwa aka yi: ya dawo sau uku neman ƙari, sau uku muna biya.

Aikin da aka yi, yanzu da na san abin dubawa, in na tuna sai gabana ya faɗi. Sun fasa kusurwoyin bango suka cusa rodi suka zuba kankare, suka ce fila ce. Ba a tona mata gindi ba, a kan daɓen ɗaki kawai ta zauna. Rodin da ya rubuta mini a lissafi mai milimita 16 ne, wanda aka sa mai 10 ne, ni kuwa ban san bambancinsu da ido ba. Ranar zuba dekin ya ce kada in wahalar da kaina in zo da sassafe. Da na iso an ci rabi, rodi ya shige cikin kankare, ba mai iya ƙirga shi kuma. Wani lebura ya faɗa mini daga baya cewa buhunan simintin da aka sauke da yamma, kusan rabi an mayar da su mota cikin dare. Kankare yana buƙatar a riƙa ba shi ruwa, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafi da shi. Su kuwa sun cire katako da sandunan tokare bayan mako ɗaya, domin haya aka ɗauko su ana jiransu a wani aikin. Washegari aka fara jera bulo a sama.

Hajiya ce ta fara lura. Ta ce mini, "Ƙofar ɗakin nan ta daina rufuwa, sai na sa kafaɗa." Sai tsaga ta fito daga kusurwar taga ta yi sama a karkace. Na kira shi, ya ce, "Haba Yallaɓai, gini ne yake zama, filasta za ta rufe." Da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, dekin ya riƙa ɗiga a tsakiyar falo, kuma in ka tsaya a bakin ƙofa kana ganin cikinsa ya ɗan sauko.

Ranar 12 ga Yulin 2024 ginin makarantar Saints Academy da ke Busa Buji a Jos ya rufta a kan ɗalibai suna cikin aji, mutum 22 suka rasu. Na ga hotunan a waya ina zaune a ƙarƙashin wannan dekin, Hajiya na salla a gefena. Mu nan Kano ma ba mu manta da benen da ya faɗo a titin Beirut a 2022 ba. A daren nan na kwashe ta na kai ta gidan ƙanwarmu, ko kayanta ban bari ta tsaya haɗawa ba.

Injiniyan da wani abokin aikina ya haɗa ni da shi dattijo ne mai rajista. Abin da ya fara nema shi ne diga da shebur. Aka tona gefen bango, ba a yi nisa ba aka tarar da ƙarshen tushen, siririn kankare ne da ya isa gidan ƙasa ba bene ba. Ya sa aka fasa gefen fila ɗaya, ya auna rodin, ya murza kankaren da yatsa yana zuba kamar gari. Ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya ce, "Alhaji, ka yi sadaka. Allah ne ya riƙe wannan, ba rodi ba." Hukuncinsa shi ne a sauke duk abin da aka ɗora. Ya ce da tun farko aka kira shi, ana iya yin benen, a tona wa sababbin filoli gindinsu su ɗauki nauyin, tsohon bango ya huta. Zai fi tsada, amma zai tsaya. Kuɗin dubawar da ya karɓa bai kai kuɗin buhu goma na siminti ba.

Daga nan komai ya warware. Na kai hoton rasit ɗin ofishin KNUPDA, hukumar da ke ba da izinin gini a Kano, aka duba aka ce ba daga wurinsu ya fito ba, babu ma fayil da sunan gidanmu. Wato duk tsawon lokacin nan gini muke yi ba izini, kuma a doka mai gida ne zai amsa. Hatimin da ke kan takarda ɗaya tilo da ya ba ni, hoto ne aka ɗauko daga zanen wani aka manna. Ɗan ƙanwata ya sa hotunan shafin mutumin a Google Lens, manhajar da ke binciko inda hoto ya fito, sai ga su a shafukan wasu kamfanoni, wasu ma ba a Najeriya suke ba. Ofishin da ya taɓa kai ni, shago ne da ya kama na wata uku, yanzu ana sayar da kayan waya a ciki. Layinsa a kashe.

Lauyan da muka samu ya gaya mana gaskiya. Karɓar kuɗi da yaudara laifi ne, akwai dokar zamba ta 2006 da ake gurfanar da irinsu da ita, kuma takardar bogi da amfani da sunan sana'ar da ba taka ba sun ƙara masa nauyi. Amma da yake ya taɓa aiki, zai fake da cewa saɓanin kwangila ne kawai, kuɗi ne suka ƙare. Shi ya sa irinsu ba sa gudu da kuɗi ranar farko, sai sun zuba wani abu da za a nuna. Abin da ya taimake mu shi ne ban goge saƙo ko ɗaya ba, kuma duk kuɗin ta banki suka bi.

Ga wanda ke shirin irin wannan aiki, musamman 'yan'uwanmu da ke Saudiyya ko Turai ko Legas suna turo kuɗi gida, ina roƙonku: ku nemi lambar rajistar mai zanen da ta injiniyan, ku bincika da kanku, kada ku karɓi hoton takarda. Ku ce ya kai ku gidan da ya gama, ku yi magana da mai gidan shi ba ya wurin. Takardar izini ku je ofis da ƙafarku, ku biya a asusun gwamnati. A rubuta yarjejeniya da shaidu, a biya mataki-mataki, kowane mataki sai an duba. Siminti da rodi ku saya da kanku ko ku sa amintacce ya ƙirga, kuma kada a zuba dekin sai injiniyan da ku kuke biya, ba ɗan kwangila ba, ya hau ya ga rodi ya sa hannu. Wanda ya ji haushin waɗannan sharuɗɗa ya ce ba ku yarda da shi ba, ku sallame shi tun rufinku na kanku.

An sauke dekin. Kuɗin rushewa da kwashe ɓaraguzai ma mu muka biya, muka sayi sabon kwano muka mayar da gidan yadda Baba ya bar shi, sai dai bango biyu da aka sake. Ƙanenmu ya kama haya, an ɗaura auren bayan an ɗaga shi sau biyu. Yaya bai taɓa yi mini gori ba ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi yi mini ciwo fiye da a ce ya yi faɗa, domin na san shekara nawa ya yi yana tara kuɗin nan. Hajiya ta koma ɗakinta, amma har yau in hadari ya haɗo sai ta fito tsakar gida da tabarmarta.

Sabon shafin nasa yana da hoton gida ruwan toka mai baranda da fitilu, an rubuta a ƙasa cewa an kammala an miƙa makulli. Hoton gidanmu ne, wanda ya turo mini kwana biyu bayan zuwansa na farko. Na kai wa jami'in da ke riƙe da ƙararmu, ya saka a fayil.