Gargaɗi ga masu Golf 3 GTI da ke neman inji ta Facebook

Wannan jan kunne ne ga 'yan'uwa masu riƙe da Golf 3, musamman ƙirar GTI, waɗanda injinsu ya gaji suke neman ɗan Beljiyam. Tawa 'yar 1994 ce, mai inji lita 2.0 da bawul takwas, wanda Volkswagen ya yi wa lamba 2E, mai ƙarfin doki 115. Bayan ta yi zafi sau biyu a hanyar Zariya, tofsilinda ya lanƙwashe, ga shi dama ta fara shan baƙin mai tana hayaƙi, sai bakanikena ya ce gara a sauke injin gaba ɗaya.

A cikin neman ne na ci karo da wani mutum a Facebook da ke cewa yana da shago a Legas, kuma kwantenarsa ba ta daɗe da sauka daga Turai ba. Da muka koma WhatsApp, ya turo mini bidiyon inji yana aiki a kan katako, sauti sumul, har ya haska lambar 2E da fitilar waya. Ya nemi rabin kuɗi kafin ya ɗora wa direba, sauran kuma idan kaya sun iso tasha. Sunan da ke kan asusun bai yi daidai da nasa ba. Ya ce na ƙaninsa ne, ni kuma araha ta rufe mini ido na tura. Da kayan suka iso, direban ya ƙi sakin su sai da na cika ragowar, wai haka aka umarce shi.

Injin ya zo fes, an wanke shi da fetur an fesa masa baƙin fenti, har wani makwabcin gareji ya taya ni murna. Malam Bakanike bai ce uffan ba. Ya ɗauko sukundireba ya kankare fentin da ke gaban bulok, ƙasa kaɗan da tofsilinda, inda kamfani ke buga lambar inji, sai ga haruffa uku sun bayyana: ABS. Wannan injin lita 1.8 ne mai ƙarfin doki 90, irin wanda ke cikin Golf na gama-gari, kuma ga wanda bai saba ba kamarsu ɗaya da 2E, in ban da cewa bulok ɗin 2.0 ya ɗan fi tsayi. Da aka kwance fulogai, biyu sun jiƙe sharkaf da baƙin mai, ƙarƙashin murfin mai kuma akwai wani farin kumfa kamar kindirmo, alamar ruwa yana haɗuwa da mai. Ashe tsohon injin motar haya ne da ya gama cin duniya a nan gida, aka yi masa wanka. Bidiyon da na gani na wani injin ne daban. Kafin la'asar mutumin da ya sayar mini ya toshe lambata, washegari shafinsa na Facebook ya sauya suna, amma hotunan suna nan yadda suke.

Duk mai neman inji ya fara sanin lambar nasa, wadda ke rubuce a takardar da aka manna cikin but kusa da safaya. GTI mai bawul goma sha shida ABF ne, VR6 lita 2.8 kuma AAA. Idan ya zama dole a saya daga nesa, a nemi kiran bidiyo kai tsaye, mai kaya ya goge wurin lambar a gaban idonka. Wanda aka goge wa lamba da giranda kuwa kada a karɓe shi ko kyauta ne, domin yana iya zama na sata, ya jawo maka magana da 'yan sanda. Ni a ganina, ya fi kwanciyar hankali ka ɗauki bakanikenka ku shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, a auna kwamfireshin kowace silinda, a rubuta rasit da lambar injin da kwanakin garanti kafin kuɗi su bar hannunka.

Na kai ƙorafi banki da ofishin 'yan sanda tare da shaidar turawar kuɗi da duk saƙonninmu. Wanda ya tura wa irin wannan shafi kuɗi kwanan nan ya hanzarta sanar da bankinsa tun kafin a kwashe su.