Kayan kariya daga annobar mura a wurin aiki: wanne ya cancanci kuɗin kamfani?

Idan shugaban kamfani ya umarci jami'in saye da ya tanadi kayan kariya saboda annobar mura, abin da yakan biyo baya shi ne takardar farashi daga 'yan kwangila mai ɗauke da kaya iri-iri, kowanne an nuna cewa ba makawa sai da shi, alhali kuɗin da aka ware ba zai kai ga rabinsu ba. Ra'ayina shi ne kaso mafi tsoka ya tafi ga takunkumin rufe hanci da baki na gaske, nau'in N95 ko FFP2 mai madauri a ƙeya, abin da ya rage kuma a raba shi tsakanin iska mai kyau da wanke hannu.

Dalilin yin tanadin tun yanzu yana cikin tarihin cutar. Annobar mura ta game duniya a 1918 da 1957 da 1968 da kuma 2009. Ta 1918 ta sauka a Legas ta jirgin ruwa a watan Satumba, ta biyo layin dogo zuwa Arewa cikin ƙanƙanin lokaci. Murar tsuntsaye nau'in H5N1, wadda aka fara tabbatar da ɓullarta a Afirka a wata gonar kaji da ke Jaji a jihar Kaduna a watan Fabrairun 2006, har yau tana yawo, kuma a 2024 an same ta a jikin shanun tatsa a Amurka. Idan sabon nau'i ya fara yaɗuwa tsakanin mutane, haɗa allurar rigakafinsa yakan ɗauki kimanin wata shida, kafin ma a zo batun isowarta ƙasashenmu. Waɗannan watanni dole wurin aiki ya ratsa su da abin da ke cikin sitonsa, kuma duk wanda ya ga yadda farashin takunkumi ya yi tashin gwauron zabo a watan Maris na 2020 ya san cewa ba a fafe gora ranar tafiya.

Mura tana yaɗuwa ne ta numfashi da tari da atishawa, musamman a ɗakin da ke rufe, kuma mutum yana iya harbar abokin aikinsa kwana guda kafin shi kansa ya ji alamar ciwo. Wannan kaɗai ya isa ya rage darajar na'urar auna zafin jiki da ake saita wa mutane a goshi a bakin ƙofa. Wanda ya sha farasitamol da safe zai wuce ta lafiya lau, wanda kuma ya sauka daga babur cikin ranar bazara za a tsare shi ba laifin komai. A sayi guda ɗaya ta ɗakin agaji, ya wadatar. Aikin da ake so ta yi, wato hana mara lafiya shigowa, tsarin hutu ne ke yin sa: Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta ba ma'aikaci kwana 12 na hutun rashin lafiya da albashi a shekara idan ya kawo shaidar likita, kuma kamfanin da ya bayyana wa masu gadi da masu shara da direbobi cewa ba za a yanke musu ko kwabo ba idan zazzaɓi ya kwantar da su, ya fi wanda ya jera na'urori a ƙofa tsira. Rumfar feshi da ake bi ta ciki kuwa asarar kuɗi ce, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa tun 2020 cewa kada a fesa wa mutane sinadarin kashe ƙwayoyin cuta.

Wanke hannu yana da amfani, kuma ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Bokiti mai famfo, irin wanda Veronica Bekoe ta ƙasar Ghana ta ƙirƙiro, tare da sabulu da wanda zai riƙa cika shi, ya fi kwalaben man tsaftace hannu araha da ɗorewa. Inda ba ruwa kusa, kamar teburin karɓar kuɗi ko cikin mota, a sa man da ke da alkohol aƙalla kashi 60 cikin 100, mai lambar rajistar NAFDAC da aka bincika aka ga ta dace da sunan kayan. Wanda yake yauƙi a hannu, ya ƙi bushewa, ƙamshin turare ya rinjaye shi, galibi an tsinka shi ne. Mafi muni shi ne wanda aka haɗa da metanol, wanda guba ne da ke iya makantar da mutum.

Abokiyar hamayyar takunkumi ta gaskiya ita ce na'urar tace iska mai matatar HEPA, wadda ke kama kashi 99.97 cikin 100 na ƙananan ɓurɓushi. Tana aiki, ba na musu. Sai dai tana son wutar lantarki da ba ta yankewa, ƙurar hunturu tana toshe matatarta da wuri, sabuwar matata kuma ba a cika samunta a kasuwa ba. Ta dace da ɗakin taron da ba shi da taga. A sauran ɗakuna, gyara tagogin da fenti ya manne su da kafa fanka mai zuƙo iska waje ya fi riba, kuma a sani cewa na'urar sanyaya ɗaki irin ta bango iskar cikin ɗakin take juyawa, ba ta shigo da sabuwa. Kada a manta da ɗan masallacin ofis, wanda yakan fi kowane ɗaki cunkoso a lokacin azahar. Maganin oseltamivir da aka fi sani da Tamiflu kuwa sha'anin likita ne, ba kayan da jami'in saye zai jibge a sito ba.

Takunkumi shi ne kaɗai kariyar da ke bin ma'aikaci duk inda ya je, daga teburinsa zuwa motar haya zuwa layin banki, ko akwai wuta ko babu. Na yadi da tela ya ɗinka bai cancanci shiga kasafin kamfani ba. Na asibiti mai launin shuɗi yana tare yawun mai tari, saboda haka a ajiye 'yan kwalaye domin baƙi da wanda ciwo ya kama a bakin aiki, amma gefensa a buɗe yake, iska tana shiga ta kumatu. N95 ma'aunin Amurka ne da hukumar NIOSH ke tantancewa, yana tace aƙalla kashi 95 cikin 100 na ɓurɓushin da aka gwada shi da su, FFP2 kuma takwaransa ne na Turai mai kashi 94. Bambancin kashi ɗaya ba abin damuwa ba ne. KN95 na ƙasar Sin a takarda daidai yake da su, amma yawancinsa madaurin kunne gare shi, kuma a nan na rabu da shi.

Madauri biyu da ke zagaye kai, ɗaya a saman ƙeya ɗaya a wuya, su ne ke matse takunkumi a fuska har iska ta rasa hanya sai ta cikin matata. Madaurin kunne ba ya iya wannan matsi, idan kuma aka tsananta shi sai bayan kunne ya yi ciwo kafin la'asar, mutum ya sauke shi zuwa haɓa. Ga mata masu hijabi ma na ƙeya ya fi sauƙi, tunda ba sai an riƙa laluben kunne a ƙarƙashin mayafi ba. Tsakanin mai siffar ƙoƙo da mai naɗewa gida uku na fi son na biyun, domin yana motsi tare da muƙamuƙi idan ana magana, yana dacewa da fuskoki da yawa, kuma galibi kowanne yana zuwa cikin ledarsa. Mai ɗan murfin fitar da numfashi a gaba ya fi sanyi, amma yana sakin numfashin mai shi ga na kusa, don haka bai dace da ofis ba. Akwai kuma batun gemu, wanda ba a son faɗa amma dole a faɗa: gashin da ya shiga tsakanin fata da bakin takunkumi yana ɓata matsin. Ba hurumin kamfani ba ne ya tilasta wa kowa aski, abin da zai iya shi ne ya ba masu cikar gemu kujerun da ke kusa da taga, ya rage musu aikin da ake fuska da fuska da jama'a a lokacin da cutar ta yi tsanani.

Duk wannan yabo ya dogara ne ga samun na gaske, kuma a nan ne ake cutar mutane. A lokacin korona wani ɗan kwangila ya kawo wa wurin aikinmu katan-katan na takunkumi da aka buga wa N95 da manyan haruffa, tare da takardar shaida mai hatimin zinare. Madaurin an liƙa shi ne da ɗigon gam, yana ɓallewa da zarar an ja, ƙarfen hanci kuma ya ƙi lanƙwasuwa. Da aka yanka guda da almakashi sai aka tarar da yadi biyu shara-shara, babu farin shimfiɗar tsakiya da ke yin aikin tacewa. Kafin a nemi ɗan kwangilar, lambar wayarsa ta daina shiga. Matsalar ba tamu kaɗai ba ce, domin hukumar NIOSH ta gwada nau'o'in KN95 a 2020 da 2021, ta samu kimanin kashi 60 cikin 100 ba su cika ma'aunin da suke iƙirari ba, a farkon 2021 kuma hukumomin Amurka sun ƙwace miliyoyin takunkumin jabu da aka buga wa sunan 3M.

A duba jikin takunkumin kansa, kada a tsaya ga kwali. N95 na gaske yana ɗauke da sunan kamfanin da ya yi shi, da kalmar NIOSH a rubuce daidai, da lambar samfuri, da lambar amincewa da ke farawa da TC-84A sai lambobi huɗu. Ana iya shigar da wannan lamba a jerin kayan da hukumar ta amince da su a intanet, kuma wajibi ne sunan kamfani da samfurin da suka fito su yi daidai da abin da ke hannunka, saboda masu jabu sukan kwafi lambar wani su buga a nasu. Duk N95 mai madaurin kunne abin zargi ne, haka wanda aka ce an amince da shi domin yara, tunda NIOSH ba ta tantance takunkumin yara. FFP2 kuwa sai an ga lambar ma'aunin Turai EN 149 da alamar CE da lambobi huɗu a gefenta, waɗanda ke nuna hukumar da ta gwada shi. CE tsurarta ba ta nufin komai a wannan kaya. Idan dole ta sa an sayi KN95, a nemi lambar ma'aunin ƙasar Sin GB2626-2019 a jikinsa. Takardar da aka ce shaidar rajista ce daga hukumar FDA ta Amurka kada ta ruɗi kowa, hukumar ba ta bayar da irin wannan takarda. Gwajin hura kyandir ko zuba ruwa a cikin takunkumi da ake yaɗawa a WhatsApp ma ba ya tabbatar da komai, domin leda ma za ta ci wannan jarrabawa.

Wata dabarar da ta yi yawa ita ce a kawo samfuri na gaske ranar ciniki, a kawo jabu ranar sauke kaya, ko a jera na gaske a saman katan. Maganinta shi ne a rubuta sunan kamfani da lambar samfuri a cikin yarjejeniya, a riƙe samfurin da aka amince da shi a kulle, a buɗe katan daga tsakiyar lodi da ƙasansa a gaban mai kawowa, kuma kada a kammala biya sai an gama dubawa. A nemi ya nuna rasit daga dilan da kamfanin da ya yi takunkumin ya amince da shi. Wanda ya fusata da wannan buƙata, ko ya ce wani ɗan'uwansa ne ke shigo da kayan kai tsaye shi ya sa ya karya farashi, a sallame shi cikin mutunci.

Kafin a yi odar mai yawa, a sayi kwali ɗaya-ɗaya na samfuri biyu ko uku a raba wa ma'aikata masu fuska daban-daban su yi yini da shi. Kowa ya matse ƙarfen hanci da yatsun hannu biyu, ya rufe takunkumin da tafukansa ya fitar da numfashi da ƙarfi. Idan ya ji iska a idanu ko tabarau ya yi hazo, wannan samfuri bai zauna masa ba. Wajen lissafin adadi, tsare-tsaren Amurka sun ƙiyasta cewa zango guda na annoba a gari yakan ɗauki mako shida zuwa takwas. Ofis mai mutum 50, idan an ba kowa biyu a mako har mako takwas, yana buƙatar guda 800, a ƙara wa masu karɓar baƙi da direbobi da masu karɓar kuɗi. Ba a wanke N95 ko fesa masa sinadari, domin hakan yana kashe ƙarfin matatarsa. Ana sa shi cikin ambulan na takarda ya huta kwanaki, a jefar da shi idan ya jiƙe ko ya yi datti ko madaurinsa ya saki.

Yawancin waɗannan takunkumai wa'adinsu shekara uku zuwa biyar ne, kuma masu yin su sukan ce kada zafin wurin ajiya ya wuce digiri 30. Kwantenar ƙarfe da ke tsakar rana a Kano ko Sakkwato ko Yamai a watan Afrilu za ta gasa robar madaurin tun kafin wa'adin ya cika. A ajiye katan ɗin a ɗaki na ciki, a kan katako nesa da danshin damina, a rubuta ranar ƙarewa a gefen da ake gani, sannan duk shigowar hunturu a fitar da mafi daɗewa a raba wa masu gadi da masu shara da ke fama da ƙura, a cike gurbinsu da sababbi.