Bita kan wani ofishin dillancin filaye da gidaje a Sakkwato

Ofishin da nake magana a kansa yana ɓangaren Gawon Nama, kuma aikinsa kashi biyu ne: haɗa mai saye da mai sayarwa, da ba da shawara ga wanda yake son zuba kuɗinsa a fili ko gidan haya. Na je ne da niyyar sayen fuloti mai faɗin ƙafa 50 da tsawon ƙafa 100 domin in gina ɗakunan haya, kuma abin da ya sa nake ganin sun cancanci a yi bitarsu shi ne yadda suke tsayawa a kan takardu tun kafin a fara maganar farashi.

Ma'aikacin da ya karɓe ni ya fara da bayanin da dillalai da yawa ba sa damuwa da shi. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filayen jiha suna hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da mutum yake samu shi ne haƙƙin zama da amfani, wanda takardar shaidar mallaka takan ƙayyade shi zuwa shekara 99. Saboda haka idan fili yana da wannan takarda, canja shi zuwa sunan wani yana buƙatar amincewar gwamna, kuma takardar ciniki da mai unguwa da shaidu suka sa wa hannu, duk da amfaninta, ba ta maye gurbin wannan ba. Ya ce mini, "Alhaji, kada ka ba da ko kafin alƙalami sai mun duba fayil ɗin a Ma'aikatar Filaye, safiyo kuma ya tabbatar da iyakoki." Haka aka yi, ba tare da na matsa musu ba.

Inda suka fi burge ni shi ne batun filin gado. Yawancin filayen da ake yankawa a gefen gari, ta wajen Wamakko da Kwannawa da hanyar Kware, asalinsu gonaki ne na iyali, kuma sau da yawa ɗaya daga cikin magada yakan fito da su kasuwa alhali ba a raba gadon ba. Fuloti na farko da ya kwanta mini a rai irin wannan ne. Da suka bincika suka gano cewa akwai 'yan'uwa mata da ba a tuntuɓa ba, sai suka ce in janye, duk da cewa la'adarsu ce ta tafi da janyewar. Dillalin da zai iya hana ka saye, shi ne ya cancanci a saurari shawararsa idan ya ce ka saya.

Sun kuma san ƙasa. Sun tuna mini da ambaliyar 2010, lokacin da Gulbin Rima ya cika ya yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, suka ce duk filin da yake kusa da fadama, ko a kwari kamar wasu sassan Mabera, da damina ake zuwa ganinsa, domin da rani kowane wuri lafiya lau yake.

Sai dai a ɓangaren lissafin riba ba su gamsar da ni ba. Da na tambayi abin da ɗakunan haya za su iya kawowa a shekara, sai suka ba ni kuɗin haya gaba ɗaya, ba su cire gyara ba, ba su cire watannin da ɗaki zai zauna babu kowa ba, ba su kuma ambaci kuɗin haƙa rijiyar burtsatse ba, alhali a sababbin unguwanni ɗan haya ruwa yake fara tambaya. Wanda yake ginawa domin ɗalibai kuma dole ya sa hutu da yajin aiki a lissafinsa. Farashin siminti shi ma ba ya tsayawa wuri ɗaya, ko da yake kamfanin yana nan Kalambaina kusa da mu, don haka ƙiyasin kuɗin gini na bara ba abin dogaro ba ne a bana.

Akwai kuma batun la'ada. Suna karɓa daga mai saye da mai sayarwa, abin da ba baƙo ba ne a wannan sana'a, amma ba su faɗa mini ba sai da ciniki ya kusa faɗawa. Wanda yake karɓa daga ɓangarori biyu yana da dalilin son a gama da wuri, kuma ya kamata a rubuta adadin tun ranar farko.

Ga mai sayen fili a karon farko, ko mazaunin wani gari da ba zai iya bin sawun takardu da kansa ba, wannan ofishi ya dace da shi. Mai neman sanin ko gidan haya zai mayar masa da kuɗinsa kuwa, gara ya zauna da wani mai gidajen haya a unguwar da yake so, ya kuma ɗauki lauyansa na kansa ya karanta yarjejeniyar kafin ya sa hannu.