Wace jakar goyo za ka saya kafin ka bi gaɓar tekun Ghana?

Wanda zai taso daga Akara ya bi bakin teku ta Elmina da Takoradi har Busua da Axim, rabin tafiyarsa a tirotiro ne, wato ƙananan bas-bas na haya na Ghana, rabi a ƙafa cikin rairayi, musamman tattakin nan daga Busua zuwa Butre. Akwati mai taya dai a bar shi gida, yashi ba ya barin taya ta juya. Ghana-must-go kuwa sai in kana da mai ɗauka maka a ka. Saura biyu ke nan: sabuwa dal ta shago, ko gwanjo.

Ni gwanjo nake zaɓa, ba kunya. Tsohuwar Deuter ta Jamus ko Osprey ta Amurka da wani ya yi 'yan shekaru da ita ta fi sabuwa mai arha ƙarko nesa ba kusa ba. A Akara kasuwar Kantamanto ce matattararsu, wadda gobara ta cinye a Janairun 2025 'yan kasuwa suka sake tada ta. Nemi mai cin lita 35 zuwa 45. Wannan za ka ɗora ta a cinya cikin mota. Mai lita 70 yaron mota zai karɓi kuɗin kaya, ya cusa ta a but tare da kwandon kifi, ya ɗaure ƙofar da igiya. Deuter na fi so saboda ragar da ke bayan wasu samfuranta: tana ɗaga jakar daga jikinka, iska ta ratsa. A zafin teku mai naso, inda riga ke jiƙewa tun hantsi, wannan ragar kaɗai ta biya kuɗinta. Ka duba maɗaurin ƙugu ya zama mai kauri, don shi ke ɗauke wa kafaɗa nauyi. Ledar rufe ta ma dole ce, yankin Axim na cikin wuraren da ruwan sama ya fi yawa a Ghana, watan Yuni kuma kamar da bakin ƙwarya.

Sabuwa ta asali ba ta da aibu sai tsada.

Amma duk wannan bayan zif yake. Zif ya taɓa ɓalle mini a tsakiyar hanya, na ƙarasa ƙauye da kaya ƙunshe a zani, tun daga nan shi nake fara dubawa. Iskar gishiri na cin ƙarfen da ake ja, yashi kuma ya shiga haƙora. Nemi mai manyan haƙoran roba mai tambarin kamfanin zif na YKK, ka ja shi sau da yawa, har ta kwana inda ya fi cijewa. Tambarin ma ana buga na jabu, saboda haka hannu zai gaya maka, ba ido ba.

Jakunkunan jabu kuwa sun cika kasuwa, The North Face aka fi yi wa. Juya jakar ciki waje. Ta gaske an naɗe bakin ɗinkinta da ƙyalle, inda maɗauri ya haɗu da jiki kuma an maimaita ɗinki. Ta bogi zare ne ke reto. Matsa soson kafaɗa, in ya lotse bai dawo ba, ajiye. Kada ƙura ta ruɗe ka, a cikin tulin gwanjo ma akan cusa sabuwar jabu. In an cika jakar da takardu ta yi ɓul-ɓul, ka sa a zazzage, don a nan ake ɓoye karyayyen ƙarfen baya. Sannan ka shafa cikinta ka shinshina: in yana danƙo ko yana ɓarewa fari-fari, rufin da ke tare ruwa ya mutu, ko ta asali ce. Mai kaya zai rantse "wallahi jiya aka kwance dila". Bar shi ya rantse, kai dai zuba mata kaya masu nauyi, ka goya, ka zaga layin kafin a fara ciniki.